Tarihin Likita Mila: Baturen Da Aka Kora Daga Kano, Da Labarin Mutanen Gimi

 Yau tarihin wani Bature na kawo mana, Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka sani da Likita Mila. Ɗan mishan ne, ya zo ƙasar Hausa da niyyar juya ta zuwa addinin Kirista, kuma wannan niyya tasa ba ta cika ba. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da shi? Ruwanmu biyu ne. Na farko, wannan boko da nake rubutawa kuke karantawa a waya, da hannunsa a cikin kafuwarsa. Na biyu kuwa, wanda ya fi jan hankalina, shi ne labarin 'yan tsirarun Hausawa da Fulani da suka taru a wajensa, yadda annoba ta kusa share su, da abin da ya riƙe su har 'ya'yansu suka kai inda suka kai. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci a garin wasu ba zai sha wahalar gane wannan labari ba.

Haihuwarsa da koyon Hausa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton, a kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. A 1897 ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Angalika, wadda ake kira CMS. Maimakon a turo shi nan kai tsaye, sai aka fara tura shi Tarabulus ta ƙasar Libiya don ya koyi Hausa. Kada ku yi mamaki. A wancan zamani ayarin raƙuma daga Kano ta Agadas a Tarabulus yake sauke kaya, saboda haka garin yana da Hausawansa, fatake da alhazai da bayin da aka 'yanta. Wato dai irin zangon da muke zaune a cikinsa yau a Kudu, a irinsa Mila ya koyi harshenmu.

A can ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda ake kira Audu. Yaron ya taso da mahaifinsa za su aikin hajji ta Sahara, uban ya rasu a hanya. Mila ya ja shi a jiki, daga baya har Ingila ya je da shi. Wannan hali na tara yaran da ba su da kowa a gidansa, bai rabu da shi ba har tsufansa.

Tafiyar Kano ta 1900

A farkon shekarar 1900 su biyar suka tashi daga Legas: Bishop Tugwell wanda shi ne jagora, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin, sai Mila. Suka ratsa ƙasar Yarbawa har Jebba, suka haye Kwara suka miƙe Arewa. Ni ɗan Chinade ne, mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma tsofaffin da suka yi koren shanu a ƙafa kafin zuwan tirela har yau suna lissafa zangon wannan hanya: Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Ita ce dai waɗannan Turawa suka biyo, su suna hawowa, namu suna gangarawa.

A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su ba laifi. Sai suka zarce Kano ba tare da an ba su izini ba, kuma lokacin da suka zaɓa bai yi musu kyau ba ko kaɗan. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja ya ce Arewa ta shiga hannunsu. To a irin wannan hali, duk farar fatar da ta tunkaro ganuwar Kano ai ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi. Sarkin Kano Alu ya gana da su a fada, ya nuna musu Kano tana da Alƙur'aninta da malamanta, ya ba su kwana uku su bar masa gari.

Suka juyo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. Nan atini ya kashe Ryder. Richardson ya kwanta ciwo aka mayar da shi gida. Gidan da suka gina ya ƙone. Zuwa farkon 1901 sauran suka tattara suka bar wurin. In da ciniki ne, wannan shi ne a ce uwar kuɗi ta narke tun a tafiyar fari. Amma Mila ya nace, a 1902 ya sake dawowa.

Zamansa a birnin Zariya

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Mila ya yi ta neman wurin zama. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya samu gida a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Yana sa riga irin tamu, Hausa kuwa ta zauna a bakinsa har Turawan gwamnati suna zuwa wajensa neman ƙarin sani. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Lugga cewa a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa a aikin gwamnati da makarantu maimakon ajami. Wannan shawara ta buɗe wata ƙofa, ta kuma tura ajamin malamanmu gefe, kuma har gobe masana suna muhawara a kan riba da asarar da aka yi.

Mutumin fa ba mai sauƙin zama ba ne, kuma tarihi ba a yi masa kwalliya. Bakinsa yana da kaifi a kan Musulunci, ya faɗi maganganu da ba Musulmin da zai ji daɗinsu. Yana da kaifi a kan sarakuna, yana ganin Turawa sun ɗaure musu gindi suna danne talaka. Ya riƙa kai ƙarar abubuwan da ya ce ana yi a fadar Zazzau, kuma masu tarihi suna ambaton rahotanninsa cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Aliyu Ɗan Sidi a 1920, aka kai shi Lokoja inda ya rasu a 1924. Wannan tabo ne da Zazzagawa da yawa ba su manta ba. Su ma Turawan mulki ba su so shi ba. Sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, ga kuma ɗan uwansu zaune a tsakiyar birnin Musulmi yana wa'azi. Gwamnoni da razdanoni suka yi ta neman hanyar fitar da shi bayan ganuwa.

Abin da ya fi wannan ci masa rai shi ne, shekaru suna ta tafiya mutane suna zuwa karɓar magani su yi godiya su koma masallacinsu. Waɗanda suka bi addininsa ana iya ƙirga su da yatsu, kuma duk wanda ya bi, ya san zai iya rasa dangi, da gado, da matar aure. Gidan Mila sai ya zama musu gida da dangi gaba ɗaya. Shi bai taɓa aure ba, yaran nan su ne iyalinsa.

Su wane ne Isawa?

Sai a 1913 wani abu ya faru da ya sauya labarin. Amma kafin mu kai nan, bari mu koma baya kaɗan, don mu mutanen jihar Bauchi labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani sai ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, alaihis salam, ya riƙa ba shi wani matsayi da sauran malamai suka ga ya wuce gona da iri. Ya tara almajirai. Aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano a cikin shekarun 1860. Almajiransa suka watse, wasu suka fake a duwatsun Ningi, inda dama masu gudun sarakunan Kano da Bauchi suke samun mafaka, wasu suka bazu a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Su ake kira Isawa, ko Bani Isra'ila. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, ba su da coci. Abin da suka gada daga malaminsu shi ne labarin cewa wata rana wani zai zo musu da cikakken bayanin Annabi Isa. A kan wannan suka zauna kusan shekara hamsin, suna auratayya a tsakaninsu, suna ɓoye abin da ke ransu.

A 1913 wasu samari daga cikinsu suka iso gidan Mila a Zariya. Ku duba yadda abin yake: mutum ya shekara goma sha uku yana neman masu saurare bai samu ba, sai ga mutane sun zo da ƙafarsu suna cewa tun zamanin kakanni suke jira. Ba duka Isawa ne suka karɓi Kiristanci ba, wasu sun tsaya a kan abin da suka gada, wasu daga baya suka narke cikin sauran Musulmi. Waɗanda suka karɓa sai aka ga ya fi kyau a tara su wuri guda.

Gimi da ƙudan tsando

Aka samu fili a Gimi, a ƙasar Maƙarfi ta yanzu, wajen da aka sani da noman rake. Nan suka kafa ƙauyensu, da gonaki da makaranta da ɗakin ibada. Wanda ya zauna da su a matsayin limaminsu shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, jikan bayin da aka kwasa daga wannan nahiya tamu. Karon farko ke nan da waɗannan mutane suka yi ibadarsu a fili ba tare da waige-waige ba.

Sai dai ƙasar da ke da ruwa da kurmi, ita ce kuma gidan ƙudan tsando. Wannan ƙuda mu 'ya'yan masu shanu ba sai an yi mana bayaninsa ba. Shi ke sa wa shanu sammore. Ka taso da bijimi ƙosasshe daga Azare, in ya ratsa dajin da ke da tsando sai ka ga yana ramewa, gashi ya tashi, ido yana hawaye, kafin a kai kara rabin kuɗinsa ya zube a hanya. To ɗan uwan wannan ciwo shi ne ciwon barci a jikin mutum. Ƙudan yana zaune a inuwar bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. In ya ciji mutum sai a fara da zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito a bayan wuya. A yi wata da watanni ana ganin kamar an warke. Daga nan cutar ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa barci da rana tsaka ko da loma a hannunsa, hankali ya gushe, jiki ya ƙare, sai mutuwa. A lokacin ba wani magani na kirki, sai a shekarun 1920 aka fara samun allurai masu aiki. Ga likita a Zariya, amma ba abin da zai iya yi.

Cikin 'yan shekaru ciwon ya cinye mutanen Gimi da yawa. Ɗan uwa, ka sa kanka a matsayinsu. Kakanka an kashe masa malami. Ubanka ya rayu a ɓoye. Kai ka fito fili ka ce ga abin da kuke jira ya zo, ka bar ƙauyenku ka tare a sabon wuri, sai ga shi kana binne mata da 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an gaya maka abin da maƙwabta za su ce ba, kuma abin da zuciyarka za ta raya maka da dare ya fi nasu zafi. A irin wannan wuri ne jama'a ke watsewa, kowa ya kama gabansa.

Waɗannan ba su watse ba. Da aka ga wurin ba zai zaunu ba, aka tashi ƙauyen, waɗanda suka rage suka koma Zariya wajen Mila, yaran suka shiga makarantarsa. 'Yan tsirarun da ke birni da ragowar mutanen Gimi suka zama jama'a ɗaya, suna ibada tare, suna auren juna, ɗan wani ɗan kowa ne. Ni a nawa ganin, nan ne ƙashin bayan tarihin Mila yake. Wa'azinsa bai ja taro ba, maganinsa bai tsayar da annoba ba, amma ya buɗe ƙofar gidansa, su kuma suka riƙe imaninsu suka riƙe juna. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma in mutum ya ga ɗan uwa a bakin ƙofarsa ranar makoki, shakkar da ke ransa takan yi sauƙi.

Ita ma gwamnati sai da ciwon barci ya tayar mata da hankali a lardin Zazzau. A ƙarshen shekarun 1930 aka sassare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Wusasa da fassarar Littafi

A ƙarshe matsin lambar gwamnati ya yi aiki. A 1929 mishan ta fita daga birni ta koma Wusasa, bayan ganuwa, ƙarƙashin wani matashin limami mai suna Guy Bullen. Aka gina cocin St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai na magina Hausawa, yana nan tsaye har yau. Aka yi makaranta, aka yi asibitin St Luke wanda Musulmi da Kirista duk suke zuwa.

Mila kansa wannan ƙaura ba ta kwanta masa ba, don shi a cikin birni ya so ya zauna. Ya koma Kano, garin da aka ba shi kwana uku shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi tare da wasu 'yan mishan da Hausawan da ke taimaka masa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Kirista da Hausar boko. Wannan fassara ta yi tasirin da shi kansa bai nufa ba tun farko. Ya yi ta ne don Hausawa, sai ga shi waɗanda suka fi amfani da ita su ne ƙabilun Filato, kudancin Kaduna, kudancin Bauchi, Gombe da Adamawa. Shi ya sa yau za ka shiga bariki ko wata unguwa a Legas ko Fatakwal ranar Lahadi ka ji ana waƙar coci da Hausa, alhali masu yin ta kowa da yarensa na gida.

Daga wannan 'yar jama'a ta Zariya da Wusasa aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne a kan babban asibitin nan na Kaduna. Aka samu Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa Malam Bulus Audu daga zuriyar Isawa yake. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a zamanin Shagari. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, a makarantar St Bartholomew ya fara karatu.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1935 Mila ya ajiye aiki da CMS ya koma Ingila. Zaman bai yi masa ba. Mutumin da ya fi shekara talatin yana cin tuwo yana gaisawa da Hausa, sai ya zama baƙo a garinsu. A 1939 ya dawo Najeriya da kansa. Ya ƙare kwanakinsa a Filato yana koyarwa yana rubuce-rubuce, kuma bakin nan nasa bai mutu ba: littafin da ya fitar a 1947, sunansa ma tambaya ce a kan ko Turawa sun gaza a Najeriya. Ya rasu a Bukur a watan Agusta na 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos. Direbobinmu da ke ɗauko shanu daga Azare su bi ta Bauchi da Jos su gangara Lafiya da Makurɗi, ta gefen garin da ya cika suke wucewa.

Abin da ya sa na ga ya dace mu san wannan tarihi a nan Kudu shi ne, a wajen yawancin masu masaukinmu duk wanda ya fito daga Arewa sunansa Aboki. Ranar da rikici ya tashi, kamar na Shagamu a 1999 ko na kasuwar Shasha a 2021, mai ɗauke da gora ba ya tambayar ko kai Musa ne ko Bulus. Mu ma mun san abin da ke riƙe mu a irin wannan rana: masallacin unguwa, gidan Sarkin Hausawa, adashin 'yan kara, da wanda zai tsaya a kai gawa maƙabarta ko a haɗa wa marayu kuɗin mota zuwa gida. Mutanen Gimi da irin wannan igiya suka tsira, su a tsakiyar Musulmin Zazzau, mu a tsakiyar Yarbawa da Inyamurai.

Saboda haka in ka haɗu da wani a tasha ko a kara yana zuba Hausa tsantsa, ka tambayi sunansa ya ce maka Ishaya ko Yohanna, kada ka yi saurin cewa ba namu ba ne. Ka tambaye shi garinsu. Wataƙila ya ce maka Wusasa, wataƙila ma kakan kakansa almajiri ne a Kano. Addini kowa da nasa, hisabi kuma na Allah ne, amma haƙƙin maƙwabtaka da na baƙunci yana wuyanmu duka.

Allah ya ba mu zaman lafiya a inda muke neman abinci, ya mayar da kowa gida lafiya.